Ranar da Asembiliman Ya Hau Moto

Litinin, 5 ga Mayu, 2025

Samiha ce ta ce in riƙa rubutu, wai zai rage mini zaman shiru. Ta aiko littafin daga makarantarsu ta Kumasi, har da biro biyu, kamar ita ce uwar ni ce 'yar. To me zan rubuta? Wata uku ke nan ban wuce ƙofar gida ba, sai in za a kai ni asibiti. Ƙafar ta warke. Likita ya faɗa, hoto ya nuna. Ni ce dai.

Bari in rubuta agwagina, su ne masu labari a gidan nan. Uku ne. Magajiya, fara, mai son mulki. Kulu, baƙa, matsoraciya, ko ganye ya faɗo sai ta ruga. Sai toronsu, Asembiliman. Baban Samiha ne ya raɗa masa sunan, wai kamar kansila yake, kullum da safe sai ya zagaya unguwa yana duba kwatoci, fuska a murtuke, ya dawo bai gyara komai ba.

Ba na yankawa, ba na sayarwa. Duk unguwarmu ta Bulpiela an sani, an gaji da tambaya.

Alhamis, 8 ga Mayu

Famfo bai kawo ruwa ba yau kwana biyar. Na ɗebi na tanki na wanke musu baho, na cika. Baban Samiha ya fito da buta ya tsaya yana kallona.

Ya ce, "Rakiya, ni da agwagin nan, wa ke gaba a layin wanka?"

Na ce shi ya iya wanke idonsa da hannu, su kuwa sai sun tsoma kai gaba ɗaya, in ba haka ba hanci ya toshe, ido ya yi kwantsa. Ya ce ya gane matsayinsa.

Abincin yau: dusar masara jiƙaƙƙiya, ganyen zogale, da ragowar kabeji. Asembiliman ya tsince kabejin tas ya bar wa matan zogale. Ba kunya.

Lahadi, 11 ga Mayu

Faridatu ta zo, ƙanwar Baban Samiha, ita ke riƙe mini rumfar atamfa a kasuwar Aboabo tun da na faɗi. Ta ce kwastomomi suna ta tambaya, wata ma ta juya da kuɗinta, wai sai ni zan zaɓa mata kala. "Anti, yaushe za ki dawo?"

Na ce ƙafa.

Ƙarya na yi. Tunda littafina ne bari in faɗa. Moton nake tsoro, babur ɗina. Shekara ashirin ina hawa, da ciki, da goyo, da dila a baya, ban taɓa faɗuwa ba. Sai ranar nan tunkiya ta tsallako titi. Ba zafin nake tunawa ba, ƙarar. Ko a yalo-yalo mai taya uku aka ɗauke ni, ido a rufe nake zuwa in dawo.

Moton na nan gindin darbejiya, an lulluɓe shi da tampol. Duk Juma'a Baban Samiha yana tada shi ya bar shi ya ɗan yi ƙugi, wai don kada batir ya mutu.

Talata, 13 ga Mayu

Ruwa! Na farko mai ƙarfi a bana. Tsakar gida ta zama tafki, agwagi suka haukace. Har Kulu ta manta tsoro, tana gudu da fukafukai a buɗe. Na zauna a baranda ina dariya ni kaɗai kamar wadda aka biya wa Makka.

Gobe Baban Samiha zai bi motar masara zuwa Techiman, sai Lahadi.

Laraba, 14 ga Mayu

Na gano inda Magajiya ke ɓoye ƙwai: ƙarƙashin tampol, tsakanin tayoyin moto. Guda shida. To shi ke nan, yanzu ba mai taɓa moton nan. Ba laifina ba ne.

Alhamis, 15 ga Mayu

Abin da ya faru yau, sai na rubuta shi.

Da safe na buɗe musu, Asembiliman ya fita rangadinsa kamar kullum. Har hantsi bai dawo ba. Sai ga Mma Hasanatu, maƙwabciyarmu, ta shigo ba sallama, ta rungumo shi a zaninta. A bakin kwatar bayan gidansu ta tsince shi. Na sa shi a ƙasa, ƙafafu suka ƙi ɗaukarsa. Fukafukai a zube. Wuyan nan da yake miƙewa yana harare-harare ya lanƙwashe kamar jiƙaƙƙen tsumma, kai a ƙasa. Ido kawai ke motsi. Yana kallona.

Mma Hasanatu ta ce, "Amariya, kawo wuƙa kafin ya zama mushe." Shekara ashirin da huɗu da aurena, har yau Amariya take ce mini.

Na ce, "Mma, ko ya mutu ba zan ci shi ba."

Ta ce to a ɗura masa barkono da toka. Na ce a'a. Na kira Dokta Yidana na ofishin dabbobi, shi ke ba su maganin tsutsa. Ya yi tambayoyi, sannan ya ce shi kaɗai ne a ofis, an cika masa fili da tumaki, ba zai iya fitowa ba sai gobe. "Kuma ban ce zai kai gobe ba. Ki kawo shi yanzu. Ki riƙe masa kai sama, kada ki ba shi komai a hanya."

Na kira Saani mai yalo-yalo. Ya ce lungunmu ya zama taɓo, jiya sai da aka turo shi, in fito bakin titi ya same ni. Bakin titi tafiyar minti ashirin ce ga mai ƙafa lafiya wanda bai ɗauko toro ba.

Ban san lokacin da na ɗaga tampol ɗin ba. Magajiya ta huro mini wuya tana huci, na ce ta yi haƙuri. Na janye moton a hankali ta baya, ko ƙwai ɗaya bai fashe ba, na jingina benci na mayar mata da rumfarta. Na sa hular kwano. Bugu ɗaya ya tashi.

Sai na tsaya. Ƙafar nan ta ƙi hawa. Na ji ƙarar nan a kunnena sarai.

Mma Hasanatu ta matso. Ta ɗaure ɗankwali, ta naɗe Asembiliman da tawul, ta haye baya da shekarunta sittin da wani abu, ta tallafe masa kai a tafin hannu. Ta ce, "To muna jiran wa? In za ki faɗi, ki faɗi ta gefenki, ni ƙashina ya tsufa."

Na yi dariya, hawaye na zuba. Muka tafi.

Lungun na bi da ƙafafu biyu a ƙasa kamar mai koyo. Da muka hau kwalta, kowa ya wuce mu, har mai keke da itace. Ina ta salati a fili. Wajen unguwar Sakasaka wata akuya ta tsaya a gefen titi, na taka birki tun tana nesa, ita ko kallonmu ba ta yi ba. Mma Hasanatu ta ce, "Ki gaishe ta mana, tunda kin tsaya."

Dokta Yidana ya bar tumakinsa ya duba shi. Ya ja fatar ido, ya ɗaga wuyan ya saki. Ya ce guba ce, irin wadda ke fitowa in mushe ya ruɓe a ruwan da ba ya gudu, agwagwa ta je ta tsinci tsutsar ta ci. Ba ta yaɗuwa daga wannan zuwa wancan, amma duk wanda ya ci a wurin zai kamu. Ya zura masa siririn tiyo ya ɗura masa wani baƙin ruwa na garin gawayi irin na asibiti. Ya ba ni sirinji mara allura da garin bitamin. Ya ce sauran aikin nawa ne: inuwa, ruwa mai tsabta kaɗan-kaɗan a gefen baki, kada in kusantar da shi baho ko kwano mai zurfi, don kansa zai faɗa ciki ya kasa ɗagowa. In ya wuce kwana biyu yana numfashi, akwai rabo.

Na tambaye shi gaskiya. Ya ce, "Maman Samiha, rabi da rabi."

Muka dawo gida na sauka. Na zauna a ƙasa cikin taɓo. Mma Hasanatu ta kawo mini koko.

Juma'a, 16 ga Mayu

Yana cikin kwali a baranda. Na naɗe tsohon ɗankwali na tokare masa wuya. Duk awa ɗaya sirinji, ɗigo-ɗigo, in jira in ga maƙogwaro ya motsa. Ina goge masa ido da auduga, ina korar ƙuda, ina canza shimfiɗa in ya ɓata. Ina yi masa hira ma. Na ba shi labarin duk wanda ya wuce.

Kulu da Magajiya na kulle su a gida. Kulu ta zo ta tsaya bakin kwalin ta daɗe, ba ta gudu ba ko da na miƙa hannu.

Mma Hasanatu ta tara matan lungu da shebur da manjagara. Sun sami matacciyar kaza a kwatar, ta kumbura. Sun binne ta, sun buɗe wa ruwa hanya. Ta leƙo ta ce masa, "Ka ga, aikin da ka yi shekara biyu kana dubawa, mun gama shi kafin azahar."

Asabar, 17 ga Mayu

Ba canji. Yana numfashi. Ban ci abincin kirki ba. Samiha ta kira, na ce kowa lafiya.

Lahadi, 18 ga Mayu

Baban Samiha ya dawo. Na ba shi labarin ciwon, na tsallake yadda aka je. Ya durƙusa gaban kwalin ya ce, "Honarabul, sannu. Unguwa na jiranka."

Da ya tashi sai ya nufi gindin darbejiya. Ga moto a fili, taɓo har kan madubi. Ya daɗe yana kallo. Na shiga kicin ina motsa tukunyar da ba komai a ciki.

Ya leƙo ya ce, "Tayar baya tana son iska." Ya tura shi wajen mai faci, ya dawo da shi a wanke. Bai mayar da tampol ba, ya bar wa Magajiya.

Litinin, 19 ga Mayu

YA CIJE NI!

Na kawo sirinji, sai ya ɗago kai da kansa ya cafke mini yatsa. Da zafi kuwa. Na yi guɗa har Mma Hasanatu ta shigo da gudu tana tambayar wa ya haihu. Na dama masa dusa ruwa-ruwa a murfin roba, ya ci loma uku, kan ya sake faɗuwa. Loma uku dai loma uku ce.

Alhamis, 22 ga Mayu

Ya tsaya da ƙafafunsa. Taku huɗu, ya zauna, ya harare ni kamar ni na ture shi. Na zuba ruwa iya idon sawu a faranti mai faɗi, na tsuguna kusa, ya tsoma kai ya watsa mini a fuska. Fuskarsa ta fara komawa ja.

Baban Samiha ya kewaye bayan gida da waya. Rangadi ya ƙare, sai dai a tsakar gida, ko in raka shi. Baho kuma kullum sai an zubar an wanke, ko famfo ya kawo ko bai kawo ba. Kwanon dusa ma ba ya kwana da saura.

Magajiya ta fara kwanci. Ƙwai goma sha ɗaya. Na faɗa wa Samiha komai yau, ta yi ihu a waya, "Mama, ke kika tuƙa?" Na ce larura ce, kada ta mai da abin labari.

Litinin, 26 ga Mayu

Na mayar da shi wajen Dokta Yidana ya sake dubawa. Ni kaɗai, na ɗaure kwalin a baya. Duk hanya kansa a waje yana duba kwatocin gari. Dokta ya ce ya warke, har ya ƙi tsayawa a kama shi.

Da za mu dawo ban bi ta Sakasaka ba. Hanyar Aboabo ta fi kyau bayan ruwa, shi ya sa. Tunda na zo wucewa sai na ce bari in leƙa rumfa, minti biyar. Faridatu ta jera masu duhu a gaba, masu haske a baya, wa ke yin haka? Na gyara. Sai ga wata mai neman kayan suna, na zaɓa mata. Sai wata. Asembiliman na ƙarƙashin tebur a inuwa da kwanon ruwansa, matan layinmu suna zuwa gaishe shi ɗaya bayan ɗaya. Kiran la'asar ne ya tashe ni.

Ban koma kasuwa ba, leƙawa na yi. Sai dai mai kayan miya ta kusa da mu ta ce za ta riƙa tara mini ganyen kabeji da latas kullum, saboda mai jinya. Ganye kuwa ba ya jira, in ya kwana ya lalace.

Dole wani ya je ya ɗauko gobe da safe.