Kada a Sare Bishiyar Gawon Gonarmu

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya aiki? Yaya maiɗakinka da yara? Da fatan ciwon ƙafar nan ya yi sauƙi. Mu nan Baure lafiya, sai dai hankalina a tashe yake.

Bana ruwa ya ɗauke daidai lokacin da gero ke fid da kai. Rana ta yi ta dukansa har ganye ya nannaɗe, zangarniya ta fito ba ƙwaya. Ɗan abin kirkin da muka samu, ƙarƙashin gawon nan ne da marigayi Baba ya hana a taɓa. Ka san halinsa: da damina yake zubar da ganye, gero ya sha haske, ƙasa kuma ta riƙe danshi.

To, wannan bishiyar ce Kawu Ilu ya kawo masu gawayi su duba, wai itace ba ya cika rumbu. Na yi magana, ya ce yaushe aka haife ni. Kai ne yake jin nauyinka. Don Allah ka kira shi tun gatari bai hau ba, domin tuwon da 'ya'yana ke ci yau daga gindinta ya fito.

Ka gaida kowa. Ku sa mu a addu'a, mu da gawon.

Ƙanenka,
Habu