Jajayen Kibiyoyi a Sunan Baffa

Madarunfa, daren Talata, 12 ga Agusta 1997

Baffa Idi ya tsinci kayen da nake rubutu ciki.

Aikin jami'a ne fa kawai, yadda za a koya wa ordinatar, wato kwamfuta, auna gardama. Kowace hujja ina sa ta cikin da'ira. Jar kibiya hari ce, shuɗiya goyon baya, hujjar da ta rasa mai kare ta kuwa ta faɗi. Don gwaji na ɗauki rikicin iyakar gonarsa da Baba, na rubuta sunan kowa. Jajaye uku suka soki na Baffa.

Ga shi tun shekaranjiya ƙafarsa ta kumbura.

Ya tsaya ƙofar gida yana ɗaga kayen: "Karatun ke nan? Jifana ka yi!" Na ce, "Baffa, maganarka aka soka, ba kai ba." Ya ce, "To me ya kai sunana ciki?"

Gobe sai gaban mai gari.

Ɗazu na zana tawa da'irar, jajaye ko'ina. Na ɗauki shuɗin bik in ja kibiyar goyon baya daga Inna, sai na tuna a bakin ƙofa ta ajiye mini tuwo yau. Ba ta shigo ba kamar yadda ta saba.