Yatsan Inno

Karaye, Maiyama

Yaya Abdulmajid,

Assalamu alaikum. Ya jami'a, ya su Mufida? Mu nan lafiya lau, an gama ɗibar albasa.

Ka tuna fim ɗin da ka ɗauka kafin ka bar sana'ar, inda marigayi Baba yake jera albasa a rudun ajiya yana 'yar waƙarsa? Inno ke son ganinsa. Likita a Jega ya ce idonta na hagu ya tafi, na dama ma da wuya ya kai damina. Ba mu da hoton Baba ko ɗaya sai naka.

Ƙanenka,
Sambo

Aliero

Sambo,

Wa'alaikumus salam. Allah ya ba Inno lafiya.

Fim yana nan. Sai dai bincikena yanzu a kan haƙƙin mutanen da ake ɗauka ne, kuma da hannuna na rubuta cewa kada a fitar da fim sai kowa na ciki ya sa hannu. Ni ban karɓi na kowa ba a lokacin, shi ya sa na kulle shi shekara shida. Ga takarda. Inno ta dangwala yatsa, a madadin kanta da kawuna marigayi, Babanku.

Naka,
Abdulmajid

Karaye

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Na karanta mata sau biyu. Ta shafa takardar, ta ce, "Shi Majidu? Ranar da yaz zo da na'ura tai, wa ad dama mai hura? Wa as sa Malam sake riga? Wanda bai yarda ba shi ka shimfiɗa tabarma?" Ta ce ba ta dangwalawa, baƙo ake yi wa takarda.

Ni karatuna bai yi nisa ba, amma na lura da abu guda. Takardarka tana tsare mutum daga wanda zai nuna shi ga duniya. Ba ta ce komai ba a kan wanda yake son ganin nasa. Kai ka tafi Aliero da Baba a cikin fim, mu ba mu tambaye ka yatsa ba.

Jiya ta kira ni da sunan ƙanena Yahaya, sai da na yi magana ta gane ni.

A huta lafiya,
Sambo

Aliero

Sambo,

Ina tafe ranar Juma'a da fim. A zaunar da ita dab da allo, ta gefen idon dama. Babi na huɗu na bincikena sai na sake shi tun daga farko.

Ka roƙar mini ita, ko za ta dama fura.

Majidu