Koren da Na Goge

Litinin, 3 ga Maris
Yau shekara guda da ranar da ɗan wasiƙa ya kawo wa mijina Wendell ƙunshin tsofaffin kwabban Rumawa, duk ƙasa ta daskare a jikinsu. Tun ranar na koma kujera a gidan nan. Kwalaben man zaitun sun cinye min tagar kicin, kowace da kwabo kwance a ciki wata da watanni, wai sai dattin ya jiƙa.

A littattafan da nake karantawa, namiji idon matarsa yake kallo.

Alhamis, 6 ga Maris
Taron masu tara kwabbai kuma. Ya dawo bakinsa cike da Arlene, wata 'yar taron. "Junie, rabin harafi kawai ta gani, ta faɗi garin da aka buga kwabon!" Na ce to a ba ta sarauta.

Asabar, 15 ga Maris
Akwai kwabon da ya fi so: macen kyarkeci tana shayar da jarirai biyu, taurari biyu a samanta. Duk ya yi kore. Wendell yana can yana kwashe ƙanƙara a ƙofar gida na goge kwabon da lemon tsami da gishiri, har ya yi ja yana ƙyalli. Arlene ta taɓa yi masa haka?

Lahadi, 16 ga Maris
Ashe koren shi ne darajar. Shekara dubu da ɗari bakwai yana taruwa. Taurarin ma sun bi ruwa.
Bai yi faɗa ba. "Ba ki sani ba ne, masoyiya." Sai ya ɗauki waya ya kira Arlene. Gara ya zage ni.

Anya ban sani ba?

Laraba, 26 ga Maris
Har yau bai kalli kwalaben tagar ba.

Juma'a, 4 ga Afrilu
Na ciro kwabo ɗaya daga mai, don in ga me ake gani kawai. Na kankare shi da tsinken sakace, a hankali, yadda Wendell yake yi. Miya ta ƙone. Can sai ga kunne, sai gashin mace an naɗe shi a ƙeya. Wa ya riƙe shi ƙarshe? Me ya saya da shi?
Wendell ya tsaya a bayana. "Kar ki danna. Bi gefen hancin." Numfashinsa a wuyana.
Rubutun gefen ya gagare mu. Ya ce Arlene za ta iya.

Littafina yana shafi na arba'in tun Talata. Alhamis da ni za a je taron, kuma ni zan miƙa mata kwabon.