Inna, Autanki Ya So Sayar da Gonarki Don Gasar Iyo

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwa, ina fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Ƙara na kawo miki, kuma ƙarar autanki Kabiru ce.

Kin san shi da waya. A cikinta ya ga Turawa suna iyo ana biyansu albashi kamar 'yan ƙwallo, sai ya ce shi ma zai kafa gasar ƙwararru a nan Birnin Gwari: ƙungiyar Tabanni, ta Kakangi, ta Dogon Dawa, har da kofi. Jarin fa? Gonarki ta Tabanni, wadda kika dasa wa mangwaro da hannunki. Ita yake so mu sayar.

Inna, har jiri na gani don haushi. Na zaunar da shi na faɗa masa abin da na karanta, cewa ko a ƙasashen da yake kallo attajirai sun zuba dukiya a irin wannan gasa, ga ruwa garai-garai, ga talabijin, amma abin ya ƙi riƙe kansa. Na tambaye shi a ina za a manna talla, tunda ɗan iyo ba ya sa riga. Na tuna masa koginmu da damina yake cika, lokacin kowa na gona, aljihu fayau. Kafin a gama sussuka kuɗi su shigo hannu, ruwan ya koma iya gwiwa.

Bai ji ba. Taurin kanki ya ɗauko tsaf. Sai muka yi sharaɗi: ya gwada sau ɗaya. In mutane suka biya suka shiga, na yarda a sayar. In ba su biya ba, maganar ta mutu.

Ranar gwaji ya kewaye gaɓar wannan ɓangaren da zana, ya kafa tebur, ya zauna da tikitinsa. Abin da ya manta shi ne kogi gaɓa biyu gare shi, kuma masu iyon a tsallake za su fito. Jama'a suka bi ta gada suka cika can, wasu a kan bishiya, wasu a kan babur. A cikin zanar kuwa, daga Kabiru sai wani kawunmu da aka gayyata kyauta.

Ga ruwa jajir, kawuna kawai ake gani kamar ƙore na yawo. Babu wanda ya bambance ɗan Tabanni da ɗan Kakangi sai da suka taka ƙasa. Wanda ya ci, aka yi masa irin ta dambe, aka rufe shi da liƙi, kuɗi na mannewa a jiƙaƙƙen goshinsa. Mutanenmu ba marowata ba ne, Inna. Gwani suke ba wa, ba mai gadin ƙofa ba.

Ni ma ina tsallaken, da kuloli na zoɓo. Ko ɗigo bai rage ba.

Daidai wurin da kike koya mana iyo na tsaya, inda kike ɗaura mini gora a ƙirji kina cewa, "Ɗaga kanki, Ladidi, ina riƙe da ke." Daga nan na hango autanki a cikin zanarsa da babu kowa sai kawu, yana tsalle yana tafa wa masu iyon, ya manta da tikiti. Sai haushina ya sauka. Ina jin ba riba ya zo nema a bakin ruwan nan ba. Ke ya zo nema.

Gona tana nan, Inna. Zanar ta zama garken akuyoyi. Ya ce in an taso daga gona zai riƙa koya wa yaran unguwa iyo kyauta, kuma a zamanin da mutum kan tsallake kogi ba shiri don tsira da rai, wannan ya fi kofi. Ni na saya masa gorunan.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya shayar da ke daga ƙoramun Aljanna. Shi kuma autanki, Allah Ya raba shi da wayar nan kafin ya gano tseren kan ƙanƙara.

'Yarki,
Ladidi