Ina Ka Samo Sauran Mutum Ɗari Tara?

Zuwa ga ƙanena Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da amarya da 'yan biyu. Mu nan kalau muke. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, sukarinta ma ya sauka tun da na ƙwace gwangwanin madarar da take ɓoyewa a bayan akwati. Kawu direba ya bar tuƙin dogon zango, yanzu mu yake tuƙawa da surutu.

Labarin ƙarin girmanka ya iso. Kawu ya buga shafin nan naka na intanet mai jerin maƙalolinka ya manna a falo, kowa ya shigo sai Inna ta nuna masa, ta ce masana sun kafa hujja da aikin autanta sau dubu biyu da wani abu. Ba ta san me ake nufi ba, amma ba ta taɓa kuskuren lambar ba. Na yi murna, Allah shaida. Sai dai da na ga maƙala talatin da ɗaya a shekara guda, kai da wasiƙa ɗaya ke gagararka a wata shida, na ce to, wataƙila ruwan can ne ya karɓe ka.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne maƙalarka da aka fi ambato, ta binciken ciwon sukari da muka yi a ƙaramin asibitinmu shekara bakwai da suka wuce. Sabon likitanmu ya kawo ta taron safe yana yabo, bai san ƙanena ne ya rubuta ta ba. Ya karanta mana cewa an gwada mutum dubu ɗaya da ɗari biyu. Auta, ni na tsaga yatsun mutanen nan a kan bencin baranda, ni na rubuta su a littafi mai koren bango. Mutum ɗari uku da goma sha biyu ne. A mako na uku tsinkayen gwaji suka ƙare, ka ce za ka aiko da wasu, har ka tafi ba su zo ba. Na ce wa raina ƙila ka haɗa da wani asibitin, amma maƙalar ta ce wuri ɗaya ne. An ce zato zunubi ne, shi ya sa nake tambaya: ina ka samo sauran kusan ɗari taran?

Da abin ya tsaya a takarda, da na ja bakina. Amma maƙalar ta ce da wuya a samu ciwon ga siriri ɗan ƙasa da shekara arba'in, likita kuwa ya kafa doka a daina ɓata tsinke a kansu. Ka tuna telan bakin layinmu da ya ɗinka maka rigar kammala karatu? Sau biyu ya zo yana kukan ƙishirwa da yawan fitsari aka sallame shi. Na gwada shi a ɓoye, na'urar ta kusa ƙure lamba. Ciwon ya riga ya taɓa masa ido, yanzu sai 'yarsa ta zura masa zare a allura. Da na duba littafina, irinsa goma sha tara na ƙirga a ciki.

Na faɗa wa likita cewa da ni aka yi binciken, sai ya nemi littafin don ya gani. Na ce masa zan duba ko yana nan, alhali yana ƙarƙashin katifata. Shekara ashirin da shida ina aikin jinya, ranar na fara yi wa likita ƙarya, kuma saboda kai. Raina ya ɓaci, tsoro kuma nake ji. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, na sani, amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. In akwai bayani, ka aiko in fi kowa jin kunyar zargin da na yi. In babu, ka rubuta wa masu mujallar da ta buga maƙalar da hannunka, ka faɗa musu gaskiya. Ranar ɗaya ga wata zan miƙa littafin.

Ka gaida amarya, ka shafa mini kan 'yan biyu. Inna da Kawu da Gwaggo mai keken saƙa suna gaishe ka. Tela ma ya ce in gaishe ka, wai yana alfahari da kai.

Taka har kullum,
Yayarka mai allura