Cajar Maƙwabta Ta Lalata Batirin Yayana

Anti, don Allah ki taimake ni. Ko Ummata ban faɗa wa wannan maganar ba.

Yayana yana kai wa mutane saƙo a kan keken lantarki, da aikin nan muke ci tun da Baba ya kwanta ciwo. Ni ce mai sa masa batir a caji, har yana tsokanata da Injiniya. Cajarsa tana da nawa, wuta kuma ba ta daɗewa, sai ya fita da rabin caji. Na ga wata babbar caja a gidan maƙwabcinmu mai haɗa sola, na ara wurin matarsa. Bakinta ya shiga daidai, sai na murɗa ta har ƙarshe don ya cika da wuri. Batirin ya riƙa yankewa, ni kuma in cire in mayar, kamar mai yi wa jariri ɗura. Da ya yi zafi sai na riƙa yi masa fifita.

Yanzu ba ya riƙe caji. Shekaranjiya Yaya ya dawo yana tura keken, rigarsa sharkaf, uban gidansa ya ce in aka sake zai ba wani aikin. Yaya ya rantse wanda ya sayar masa da batirin ne ya cuce shi, har sun yi cacar baki. Na tura batirin ƙarƙashin gadon Umma don kada in riƙa ganinsa. Na mayar da cajar, na ɗaure kayana. Gidan Gwaggo zan koma, ko ba komai bakin ci zai ragu.

Taki, Mai Nauyin Baki

'Yata, kafin komai, fitar da batirin nan daga ƙarƙashin gado yau. A ajiye shi a inuwa, kan siminti, nesa da inda ake kwana, kuma kada a ƙara sa shi caji. In ya kumbura ko yana wari, zai iya kama wuta.

Kowane batir yana da iyakar wutar da zai iya sha a lokaci guda, yawanci tana rubuce a jikinsa. Yankewar da yake yi, na'urar tsaronsa ce take cewa ya isa. Shigar baki daidai ba ta nufin caja ta dace.

Niyyarki kyakkyawa ce, amma kin yi kuskure, kuma shirunki yana sa ana zargin wanda bai ji ba bai gani ba. Mai gyara ma sai ya san abin da ya faru, domin wataƙila na'urar tsaron ce kawai ta ƙone. Yayanki zai yi fushi, yana da haƙƙi, amma fushin kwana biyu ya fi masa sauƙi a kan rasa aiki.

Kwance kayanki. Fara da Umma, ta zaunar da ku. Allah ya ba Baba lafiya, ya sanyaya zuciyar Yaya.